Raƙumin da Ya Ciji Baba

Da aka dawo daga maƙabarta, babu wanda ya yi kuka irin na tsohon Bafillacen nan na Gidigir, kuma babu wanda ya ba mutane dariya kamarsa. Ya zauna a bakin tabarma, sandarsa a kan cinya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Bawana ya gudu. Shekara arba'in ina ciyar da shi nono da man shanu, yau ya tsere ko sallama babu." Baba, surukina, mahaifin matata, Babarbare ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ko a gaban gawa ba a hana shi. Liman ya ce wa tsohon ya yi haƙuri, ya yi masa addu'a. Tsohon ya ce addu'a ya gama ta tun a bakin kabari, yanzu ƙara ya kawo.

Gure ba wani babban gari ba ne, amma ranar na ga fuskokin da ban taɓa gani ba. Direbobin da ke bin kasuwar Kelle sun ajiye motocinsu can bakin hanya suka taho da ƙafa, wai kada ƙarar inji ta dami gidan. Wata tsohuwa mai injin niƙa ta tsaya daga nesa ta aiko a faɗa wa maza cewa duk shekarun da ya yi yana gyara mata inji, bai taɓa shiga rumfarta ba sai ya yi sallama an amsa. Wani tsohon direba ya ce Baba ya taɓa tsare shi kwana biyu a kan aikin da wani makanike zai gama kafin azahar, har ya yi fushi ya daina gaishe shi wata guda, amma motar ta tsufa a hannunsa ba ta sake yin wannan ciwon ba. Duk wanda ya yi magana, in ya ce Allah ya jiƙansa, sai ya sassauta murya ya ƙara da cewa, "Amma fa akwai nawa."

Daga nan hira ta gangaro kan hannunsa. Yatsu biyu na hannunsa na hagu, manuniya da ta tsakiya, a sandare suke, ba sa lanƙwasuwa. In ya ɗauki kofin shayi sai su tsaya a sama kamar mai neman izinin magana. Kowa a wurin ya san labarin: raƙumi ne ya cije shi a kasuwar dabbobi. Wani ya ce farin amale ne na mutanen arewa. Wani ya ce a'a, ja ne, kuma Baba yana ƙoƙarin raba shi da wani mutum ne ya kama masa hannu. Har aka sami wanda ya rantse yana wurin, shi ya kwaɗa wa raƙumin sanda ya saki.

Ni ina can ƙarshen tabarma, inda suruki yake zama, kaina a sunkuye. Babu wani raƙumi. Ni ne na karya masa yatsu, kuma shekara ashirin da wani abu ke nan ban taɓa buɗe baki na faɗa wa kowa ba, har matata. Dalilin wannan rubutu ke nan. 'Ya'yana jikokinsa ne, kuma ba na son su tashi da labarin wani jan raƙumi alhali abin da kakansu ya yi ya fi wannan girma. Ni ba marubuci ba ne, makanike ne mai saurin fushi, don haka a yi mini uzuri in na kawo gaba kafin baya.

Garajin Baba a ƙofar gidansa yake, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, saboda haka masu zaman makoki a gefen kayan aikinsa suka zauna. Kusa da tabarmi akwai wata mota mai buɗaɗɗen baya, an ɗaga gabanta an tokare da kututturai. Motar tsohon Bafillacen ce, kuma ita ce aikin da Baba ya mutu ya bari. Ya yi sallar azahar, ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya ce wa Inna, matarsa, yana jin ƙirjinsa ya yi nauyi, zai ɗan kishingiɗa kafin la'asar. Da aka kira la'asar bai tashi ba.

Ga wanda bai san cikin mota ba: in direba ya murɗa sitiyari, sandar tana gangarawa ne cikin wani akwatin ƙarfe da ke manne da jikin motar, cike da haƙora da mai. Daga ƙasan akwatin wani guntun ƙarfe ya leƙo, kaurin tsintsiyar hannu, kuma a kansa ake cusa hannun sitiyari, wani lanƙwasasshen ƙarfe mai nauyi wanda shi ke tura ƙafafun gaba dama da hagu. Wani babban noti da muke ce wa ekuru shi ke danne hannun daga ƙasa. In shekaru suka tura, yashi da tsatsa sukan shiga tsakani, hannun ya kama guntun ƙarfen ya ƙi saki. Shi hannun ana samun wani a tarkacen tsofaffin motoci. Akwatin ne abin tsoro. In ka dake shi ka farfasa haƙoran ciki, ko ka sa wuta ka ƙone robar da ke tsare mai, to sai an aika Damagaram, in ba a dace ba sai Kano, kuma mako biyu kaɗan ne.

Baba yana da tasa hanyar, ita ce ta jawo masa sunan mai nawa. Da farko yakan ɗauki ƙusa da ƙaramar guduma ya yi ɗigo biyu, ɗaya a jikin hannun, ɗaya a kan guntun ƙarfen, don a san yadda za a mayar. Sai ya kwance ekuru, amma ba ya cire shi, yakan bar shi a maƙale da zare uku, wato saura murɗi uku ya fita. Sai ya kawo wani ƙarfe mai farata biyu da doguwar ƙusa mai zare a tsakiya, wanda maƙeri ya ƙera masa, shi kuma ya raɗa masa suna kunama. Faratan su kama wuyan hannun, ƙusar ta tokari guntun ƙarfen. Ya ɗaure, ya zuba man birki a tsakani, ya naɗe da tsumma, ya tafi harkarsa. Bayan kowace salla sai ya dawo, ya tafasa ruwa a butar shayinsa ya kwarara a wuyan hannun, ya tokara guduma ɗaya ta baya, ya ƙwanƙwasa da ɗayar ta gefe sau bakwai ko takwas, ba da ƙarfi ba, sannan ya ƙara wa ƙusar murɗi kwata ɗaya. Shi ke nan sai wata sallar.

In mai mota ya matsa masa, amsarsa ɗaya ce: "Shekara goma ya yi yana kamawa, kai kana son ya saki kafin ka gama cin goro." In mutum ya ci gaba da mita, sai ya zuba masa shayi, ya tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa da sunanta, har mutum ya rasa ta inda zai ci gaba da faɗan. Na sha ganin wannan, kuma in faɗi gaskiya, lokacin haushi yake ba ni.

Washegarin jana'iza, da hantsi, babban ɗan Bafillacen ya zo ya durƙusa kusa da ƙanen Baba, wanda muke ce wa Baba Ƙarami. Shi ma ɗan magidanci ne, har da furfura. Sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Bazara ta yi nisa, tafkuna sun ƙafe, rijiyar da ke kusa da inda shanunsu suke ta ja baya, motar nan ce ke kai musu gangunan ruwa da buhunan dusa kullum. Ta bugi kututture a cikin yashi hannun sitiyarin ya lanƙwashe, shi ne aka jawo ta Gure. Kwana huɗu ke nan da jakuna ake ɗibar ruwa, ba ya isa, masu shayarwa sun fara kwanciya. Ya ce, "Tsohonmu ba zai yi magana ba, ya ce ko duk za su mutu ba zai tambayi mota a gidan makoki ba. Ni ne na kasa haƙuri, a gafarce ni."

Baba Ƙarami ya waiwayo ya dube ni. Shi ne waliyyin matata, kuma tun farko bai taɓa sona ba. Ya ce, "To ai ga makaniken gidan. Kai da aka ce aikinka kamar walƙiya, tashi ka fitar da mu kunya."

Kafin in tashi, bari in koma wancan lokacin. Na dawo daga Agadas ina da shekara ashirin da takwas, na yi aiki a manyan garaji, kaina ya cika da iyawa. Baba ya karɓe ni aiki, ni kuma idona ya faɗa kan 'yarsa. Ita ta yarda, shi bai ce komai ba, Baba Ƙarami kuwa ya ce sam. Ya ce mutumin da ke jifa da kayan aiki in ya fusata, wata rana mace zai jefa. Yana nan yana jira in yi kuskure ɗaya ya rufe maganar.

Wata ranar kasuwa, garaji babu kowa sai ni da Baba, muna kan irin wannan aikin. Kwana biyu hannun ya ƙi, ni kuma raina ya gama ɓaci. Da ya shiga gida alwala, na sa kile, wato sifana, na zare ekurun gaba ɗaya na ajiye, don yana tare mini wurin bugu, na ɗauko babbar guduma na hau ta sama. Ban ji dawowarsa ba. Ya kwanta ƙarƙashi yadda ya saba, ya kai hannun hagu zai taɓa kunamar, ni kuma na sauke gudumar da duk ƙarfina. Hannun sitiyarin ya saki. Da shi da kunamar suka rufto suka datse masa yatsu a kan ƙarfen ƙafar mota.

Bai yi ihu ba. Ya fito, ya dubi hannun, ya dubi ekurun da ke ajiye a kan yashi, sannan ya dube ni. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya ce in miƙo masa tsumma, ya naɗe, ya ce, "Mayar da ekurun nan inda ka gan shi. In an tambaye ka, ka ce ba ka nan." Ya tafi wurin maɗori da ƙafarsa, ta hanyar kasuwar dabbobi, don a gan shi ya fito daga can. An ce da maɗorin ya kwance tsumman ya ji labarin raƙumi, ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce lallai wannan raƙumi haƙoran ƙarfe gare shi. Baba ya ce masa haka Allah ya yi shi. Wata uku bayan haka aka ɗaura aurena, Baba Ƙarami ya bayar yana ɓata fuska.

Wani zai ɗauka tun daga ranar na zama mai sanyi. Ina! Kunya ce ta kama ni, kuma kunyar ta juye ta zama wani abu mai kama da fushi. Ga kunyar surukuta, ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, ga kuma yatsun nan biyu da ke tsaye kullum suna kallona. Ban shekara ba na bar garajinsa na buɗe nawa a bakin kwalta. Na sayi wutar gas, na sayi manyan gudumomi, na yi suna da sauri. Direbobi masu gaggawa suka dawo wurina. Wasu motocin na gyara, wasu na ƙara musu ciwo, amma mai gaggawa ba ya dawowa ya yi bincike.

Faɗanmu ɗaya da shi, kuma ta bakin matata muka yi shi, don suruki ba ya sa-in-sa da suruki. Wata rana ya wuce a kan kekensa ya gan ni na haska wuta a wuyan wani hannun sitiyari har ya yi ja. Ya amsa gaisuwata ya wuce. Da yamma matata ta dawo daga gidansu ta ce, "Baba ya ce in gaya maka robar da ke cikin akwati ba ta san kana sauri ba." Na ce ta koma ta gaya masa zamani ya wuce jiran la'asar. Ta kai, Allah ya shirye ta, yadda na faɗa ta faɗa. Ya aiko cewa la'asar ba ta taɓa makara don wani yana sauri ba. Na aika da wata maganar da ba zan rubuta ba. A nan matata ta ajiye gyalenta ta ce ita ba motar haya ba ce, duk mai saƙo ya kai da kansa. Muka yi wata biyar sai gaisuwar dole. Ranar sunan ɗana na biyu ya aiko da rago, tare da wani abu a naɗe cikin takardar siminti. Sabuwar kunama ce, ya sa maƙerinsa ya ƙera mini. Na rataye ta a ƙusa, tsatsa ta cinye ta a wurin, ban taɓa ɗora ta a kan mota ba.

To wannan mutumin ne aka ce ya tashi ya fitar da gidan kunya. Na aika aka ɗauko mini babbar gudumata da tukunyar gas. A raina na ce minti talatin, in yi zafi-zafi in fizge shi, in Allah ya so akwatin ya tsira. Na tuɓe babbar riga, na shimfiɗa buhu, na shiga ƙarƙashi.

Komai yana nan yadda ya bari. Ga ɗigo biyu, ga tsumma jiƙe da man birki, ga kunama ta kama wuyan hannun, ga ekuru a maƙale da zarensa uku. Akwai kuma abin da ban san yana yi ba a da: ya yagi tsohon rawaninsa ya ɗaure kunamar a jikin motar, don in ta saki kada ta faɗo. Na san ranar da ya koyi wannan. Duk da haka na ɗora kile a kan ekurun, don har yanzu yana tare wurin bugu. Ina shirin murɗawa idona ya kai kan ƙarfen jikin motar, daidai inda mutum yake dafawa in zai fito. Akwai shatin hannu na baƙin mai, sabo, ƙura ba ta rufe shi ba. Tafi ne da babban yatsa da ƙananan yatsu biyu. Wurin sauran biyun babu komai, don ba sa taɓa abin da ya dafa.

Na daɗe a kwance ina kallonsa. Sannan na sauke kilen, na fito, na ce a mayar da gas ɗin garajina. Na tambayi inda butar shayin Baba take.

Baba Ƙarami ya ce, "Shayi za ka sha?"

Na ce, "Ruwa zan tafasa."

Ya ce, "La'ilaha illallahu. Shanun mutane na mutuwa, yau kuma ka tashi zama marigayi Yaya?"

Na haɗiye fushina, wanda ya san ni kuwa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Bayan azahar na kwarara ruwan zafi, na tokara guduma, na ƙwanƙwasa, na ƙara kwata. Bayan la'asar na sake. Hannuna yana ƙaiƙayi, wallahi ji nake kamar in cije shi. Bugun da Baba ke yi ba shi da ƙarfi, amma yana da wurin da yake sauka, kuma sai da na ɓata biyu uku kafin kunnena ya tuna ƙarar. Masu zaman makoki suna kallona suna ƙus-ƙus. Na ji wani yana cewa ashe nawar gado ce, har suruki ta kan kama.

Gab da magariba wani ya zo a kan babur daga Gidigir. Ya ja ɗan Bafillacen gefe, amma na ji. Saniya ɗaya ta kwanta ba ta tashi ba, mai ɗan maraƙi, akwai kuma uku da ake ɗagawa da itace. In na sa wuta yanzu, wataƙila motar ta kwana a hanya. Wataƙila kuma in ƙone akwatin, garken duka ya bi wannan saniyar. Ban san wanne ne daidai ba, kuma wanda zan tambaya yana ƙarƙashin ƙasa. Na je na durƙusa gaban tsohon Bafillacen.

Na ce, "Baba, an ce saniya ta faɗi."

Ya ce, "Na ji."

Na ce, "In na sa wuta, ko dai ya saki yanzu, ko in ɓata akwatin. In na bi a hankali, ban san ranar ba. Shanunka ne, kai za ka zaɓa."

Ya juya sandarsa a kan cinya. Ya ce, "Ni shanu na sani, ban san ƙarfe ba. Bawana me zai yi?"

Na ce, "Zai jira."

Ya ce, "To me kake tambayata?"

Na yi na magariba, na yi na lisha, na tafi gida. Matata tana can wurin Inna, na kwanta da yunwa don ban iya cin komai ba. Da asuba na dawo na yi nawa kafin mutane su taru. Ƙarar bugun ta ɗan sauya, ta rage kauri, amma na ce kada in yaudari kaina.

Ranar ce sadakar uku. Aka yi karatu, aka yi addu'a, aka raba waina da goro. Da rana ta ɗan ɗaga mutane suna shirin watsewa, na kasa zama. Ba lokacin salla ba ne, amma na ce bari in je in duba tsumman ko ya bushe. Na tafasa ruwa na zuba, na kwanta, na ƙwanƙwasa sau bakwai. Na kama ƙusar kunamar na ɗan murɗa, ko rabin kwata bai kai ba. Sai na matsa na sa fuskata daidai ƙarƙashin hannun, ina leƙen ko ɗigon nan biyu sun gusa.

Ƙarar kamar an harba bindiga a cikin ɗaki. An ce liman har carbinsa ya faɗi, mata suka yi salati daga cikin gida. Ni ban ga komai ba, na runtse ido ina jiran ƙarfe. Tsatsa da ruwan ɗumi ne kawai suka zubo mini. Da na buɗe ido, hannun sitiyarin ya sauko ya zauna a kan ekurun nan mai zare uku, kunamar kuma tana lilo a jikin ƙyallen rawani, tsakaninta da goshina bai fi faɗin tafin hannu ba. Da na cire ekurun jiya yadda na yi niyya, da sai a sake shimfiɗa wasu tabarmin.

Tun da Baba ya rasu ban yi kuka ba, ko a bakin kabari. A nan ƙarƙashin motar na yi shi, har kafaɗuna suna rawa. Mutane suka taru suna leƙe, suna tambaya ko na ji ciwo. Tsohon Bafillacen ya kore su da sanda, ya ce a bar shi, mai ne ya shiga masa ido.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Hannun da za a sa na same shi a ƙarƙashin bencin Baba, a goge, a shafe da mai, har ya riga ya yi masa nasa ɗigon. Na daidaita, na ɗaure, na murɗa sitiyari dama da hagu. Akwatin lafiya lau, ko ɗigon mai babu. Kafin azahar an cika ganguna an ɗora dusa. Tsohon ya hau gaba, ya leƙo ta taga ya ce mini, "In ka je kabarin bawana, ka ce masa na yafe gudun." Baba Ƙarami kuwa, da aka kawo fura ya turo mini ƙwaryar da bayan hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Daga baya na ji sun rasa shanu biyu, sauran sun tashi. Har yau ban sani ba ko da na sa wuta da ta biyun ta rayu, kuma wannan tambayar ba ta bar ni ba.

Da na wanke hannu na shiga cikin gida. Inna tana ɗakinta tana takaba, labule a sake. Na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin ƙofa, na yi gaisuwa, na ce motar ta tafi. Ta ce Allah ya yi albarka. Amma ban tashi ba.

Na ce, "Inna, akwai maganar da na daɗe da ita. Hannun Baba. Ba raƙumi ba ne."

Sai na ji ta yi wata 'yar dariya irin ta wanda kuka ya dusashe wa murya.

Ta ce, "Ɗan nan, shekara nawa ina wanke masa riga? Ranar da ya dawo daga wurin maɗori na ga hannun rigar duk man birki, na ce masa wane irin raƙumi ne wannan. Ya ce mini ƙarami ne, bai gama horuwa ba, amma ƙashinsa mai kyau ne, kada a rabu da shi. Na ce to, Allah ya sa. Shi ne muka ba shi 'yarmu."

Ina nan durƙushe ina kallon zaren labule.

Ta ce, "Jiya bayan la'asar ina zaune a nan, na ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe a waje. Sau bakwai, a tsaya. Wallahi sai da na miƙe zan ɗora masa ruwan shayi, sannan na tuna."

Ya Allah, bawanka ya zo maka da yatsu takwas masu aiki da biyu da ya rufa wa wani asiri da su. Ka rufa masa nasa, ka yalwata masa makwanci, ka yi masa sauƙin da ya yi wa mutane da ƙarfe. Mu kuma da ya bari, ka ba mu ko kwatar haƙurinsa.

Butar tana wurina yanzu, Inna ce ta ce in ɗauka. Kunamar da ya ba ni na sauke ta daga ƙusa, na kwana uku ina kankare tsatsa kafin ƙusar tsakiyarta ta yarda ta juya. Makon jiya wani direban Gamu ya kawo mini mota da irin wannan ciwon, ya tsaya a kaina yana duba agogo, yana cewa an gaya masa ni ne mai sauri a garin nan. Na kwance ekuru na bar masa zare uku, na ɗora ruwa a wuta, na jawo masa benci, na tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa.